Kafin Ki Zaɓa wa Halifa Makaranta

Unguwar Shanu, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baban Halifa, ina kuma yi muku barka da gama gini. Allah ya sa ku shiga gidan nan na Mando da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Allah ya raya mini mijina Halifa, ko da yake kun ƙulla za ku raba ni da shi ranar Asabar.

Za ki yi mamakin takarda daga uwar da katanga ce kawai tsakanin gidanta da naki. Na gwada yi miki maganar da baki shekaranjiya, kina cire labule, sai na ji muryata ta fara hawa, ke ma kin fara ɗaure fuska irin ta babanku. Ni da ke ba mu iya doguwar magana a tsaye ba. Don haka ki karanta wannan in kin samu wurin zama a sabon gida.

Halifa ne ya tona ki. Ya shigo mini aljihu cike da gwaiba, gwiwa duk a kurje. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce a gidan Kaka Saratu, ita ta ce ya hau bishiyar ya tsinko da kansa. Na ce wace ce kuma Kaka Saratu? Ya ce malamar Mamansa ce, kun je can Kawo, kun daɗe kuna maganar makarantar da za a sa shi. Na karɓi gwaibar na ajiye a kan keken ɗinki, ban ci ba. Tun yana tsumma nake renon yaron nan duk lokacin da kika tafi asibiti aiki. Ni nake bin sa lungu-lungu da wannan gwiwar tawa mai ciwo, ni na sauko da shi daga kan tankin ruwa, ni na ba mai shagon layinmu haƙuri da ya ɓarar masa da kwanon gari. Yini ɗaya ya je gidan wata, ya dawo da sabuwar kaka. Ke kuma kin tsallake ƙofata, kin hau keke har Kawo neman shawara.

Kishi nake, Rabi, kuma ba yau na fara kishin matar nan ba, kin sani. Amma tun da ba ki tambaye ni ba, bari in ba ki abin da nake da shi. Ita ta san aji. Ni na san yadda uwa take ɓata zaɓen makaranta, don na yi da hannuna, a kanki.

Yayyenki ba su ba ni wahala ba, inda na ajiye su nan nake samun su. Ke kuwa tun kafin ki gama haƙori kike neman hanyar fita. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya sa miki Guguwa. Kin hau katangar gidan nan kin dira cikin awakin mutane. Kin bi mai tallar yalo har bakin titi. In na zaunar da ke zan yi miki kitso, sai na matse ki da cinyoyina, duk da haka rabin kai muke yi mu bar saura sai gobe. Duk abin da Halifa yake yi yau, ke kika fara.

Lokacin, gidan da ke fuskantar namu na Hajiya Talatu ne, uwar tagwayen nan Hassana da Usaina. Kullum da safe motar makarantarsu ta tsaya a ƙofarta ta danna hon, su fito fes, safa fara ƙal, kowacce da jakarta a baya, duk matan layi suna leƙe. Ni ma ina leƙe, ta bayan labule, ke kuma kina can kina birgima a ƙasa. Wata rana da kika fasa mata tukunyar fure, ta dube ki, ta dube ni, ta ce, "Asabe, wannan 'yar taki sai makaranta mai horo irin ta su Hassana. Sai dai fa ba kowa suke ɗauka ba."

Wannan jelar maganar ita ta zaɓa miki makaranta. Babanku ya ce mu zagaya mu ga wasu tukuna, na ƙi. Na ƙara karɓar ɗinki, na hana shi sakat har ya yarda.

Ranar da na je gani, shugabar makarantar ta zagaya da ni. Bene ne a Unguwar Sarki, an malale tsakar gidan da siminti, ba bishiya, ba ƙasa ko ta cikin cokali. Ajujuwa cike da yara, amma ko tari ba ka ji. Ta gaya mini da alfahari cewa duk taurin kan yaro, zango ɗaya ya ishe su su lanƙwasa shi. Maganar ta yi mini daɗi. Ban tambaye ta inda yara ke gudu ba. Ni dai ina hango ki cikin farar safa kina saukowa daga motar nan a gaban Hajiya Talatu.

Sun cika alkawari. In kin tashi daga kujera ba izini, a sa ki durƙuso hannu sama. In kin maimaita, a hana ki fita tara, sauran yara su fita ke kina zaune. Wato abin da jikinki ya fi buƙata shi ake ƙwacewa a matsayin horo. Kafin ƙarshen zango na biyu kin yi shiru. Kin daina hawa katanga. In kin dawo sai ki samu gefen gado ki zauna da yunifom ɗinki. Kullum da safe ciwon ciki, ranar Asabar ya warke. Ni kuwa murna nake, don Hajiya Talatu ta tare ni a bakin famfo ta ce ai ga Rabi nan ta natsu. Babanku ne ya kira ni gefe ya ce, "Yarinyar nan ba natsuwa ta yi ba, tsoro take ji. Ɗaga hannu za ki gyara ɗankwali ki ga yadda za ta zabura." Na ce masa shi dai ba ya son ci gaba.

Sai ranar da kika bi bayan mai kawo burodi kika fice daga makarantar. Tun kafin azahar aka aiko mana, muka bazama. Na shiga kowane lungu ina kiran sunanki, na duba har cikin kwalbati, zuciyata ta gama ba ni cewa an ɗauke ki. Wajen la'asar babanku ya same ki a wani filin ƙwallo, kin cire takalmi da safa kin watsar, kin karɓi taya a hannun wasu yara maza kina garawa, kina zagaya filin kina dariya. Daga baya ya gaya mini ya daɗe a tsaye bai kira ki ba, don ya manta rabon da ya ga haƙoranki. Washegari makarantar ta ce kada mu mayar da ke.

To, ga abin da na koya. Kada ki zaɓi makaranta don 'ya'yan wane suna can. Hassana da Usaina sun gama a wurin lafiya, sun yi karatu mai kyau, don wurin ya dace da halinsu. Halifa ba Hassana ba ne. In za ki je gani, kada ki je da sassafe lokacin da aka jera yara an share ko'ina. Ki je lokacin tara. Ki ga ko akwai inda yaro zai yi gudu har ya gaji. Ki leƙa ajujuwa ki ga ko an bar wasu a zaune, ki dubi fuskokinsu. Ki tambaye su kai tsaye me suke yi wa yaron da ya kasa zama, ki kuma saurari kalmar da za su fara faɗa. In kin ji shiru ya yi yawa a gidan da yara suka cika, kada ya burge ki kamar yadda ya burge ni. Kuma in Halifa ya fara ciwon cikin da ba ya zuwa ranar Asabar, ki yarda da cikinsa.

Bayan an kore ki, ba yadda na iya, muka sa ki a firamaren unguwa, wadda na sha rantsuwa ba za ki shiga ba. Da safe sai in jira motar tagwaye ta wuce kafin in fito da ke. Nan kika faɗa ajin Malama Saratu.

'Yar Kagoro ce, doguwa, mai kaifin baki, ba ta da yawan fara'a. Kada ki ce na manta, ba lallaɓa ki ta yi ba, ta fi kowa yi miki faɗa. Amma ta gane ki tun makon farko. Ta ba ki ƙararrawa, ke ce mai kaɗawa. Ke ce mai goge allo, ke ake aika ofis ɗauko alli, ko da akwai alli a aljihunta. Kafin a shiga aji ta sa ki zagaya fili da gudu. In zama ya ishe ki, ta yarda ki koma bayan aji ki tsaya ki yi rubutu a kan taga, muddin ba ki taɓa kowa ba. Lissafin da ya gagare ki a zaune, a tsallen igiya kika haddace shi. Ta kafa miki sharuɗɗa kaɗan, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga miki ƙafa a kansu ba.

Kika dawo mutum. Kika koma cin abinci, kika koma hawa katanga, kika fara karanta duk allon shagon da muka wuce. Ya kamata in gode wa Allah in yi shiru. Sai dai gidan nan ya cika da "Malama ta ce." Malama ta ce a wanke hannu. Malama ta ce ba a jefa shara a kwata. Abin da na shekara ina faɗa miki da bulala ba ki ji ba, ita ta faɗa sau ɗaya ya zauna. Ranar da na ga kin zauna da kanki kina tsefe kai don Malama ta ce gobe za ta duba kitso, sai da na shiga ɗaki na zauna.

Kin tuna ranar wasannin makaranta, da aka sa ki tseren 'yan mata. Ni na ɗinka miki dogon wando mai roba a ƙafa don ki yi gudu a suturce. Na rufe keke, na bar ɗinkin mutane, na zo na tsaya daidai inda tseren zai ƙare, rana tana dukana. Kika zo ta ɗaya da nisa. Na buɗe hannuwa, gyalena har yana zamewa. Kika wuce ni, iskarki ta taɓa ni, kika je kika faɗa jikin Malama. Matan da ke kusa da ni suka yi kamar ba su gani ba. Na tsaya da hannuwa a buɗe, na rasa yadda zan mayar da su, sai na yi kamar gyale nake gyarawa.

Abin da na yi bayan nan kin san shi, don a jikinki ya ƙare. Dama wasu cikin dangi suna ta ƙananan maganganu, wai 'ya mace tana tsere, wai ta manne wa malamar da ba addininmu ɗaya ba. Da can ban kula su ba, don na san matar nan ita take kora ki gida da wuri ranar da kika tsaya wasa, ta ce kada ki makara Islamiyya. Amma a makon nan sai maganarsu ta yi mini amfani. Na ɗauke ta na kai wa hedimasta, na ce a canza miki aji. Ya yi ta ba ni baki, na kafe. Aka mayar da ke ajin wani malami, mutumin kirki, amma shi yaro a wurinsa zama yake. Ba a jima ba kika fara faɗa da yara, kika ciji wata a hannu, a gida kuma in na yi miki magana sai ki dubi bango.

Ranar wata Asabar da hantsi Malama Saratu ta yi sallama a gidan nan. Ina kan keke, ban tashi ba, na dai nuna mata tabarma. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki, sannan ta ce, "Maman Rabi, ni shekara ɗaya kawai nake da ita, daga nan ta wuce wani aji, wasu su zo. Ke kuwa taki ce har abada. Ki bar ni in ƙarasa shekarata." Na ci gaba da taka keke har ta gaji ta tashi. Ko ruwa ban ba ta ba, Rabi, baƙuwa a gidana. Babanku ne ya kama hannunki ranar Litinin ya mayar da ke ajinta, bai shawarce ni ba, ni ma ban tanka ba. Da wannan shirun na ba da haƙuri, ban taɓa ba da wanda ya fi shi ba. Kuma lissafinta bai fito daidai ba. Ta ce shekara ɗaya, ga shi kin yi aure kin haihu, har yanzu ƙofarta kike bugawa.

Shawarata a nan ita ce mafi wuya. Ba gini za ki zaɓa wa Halifa ba, mutum za ki nema masa. Ki ce a nuna miki wanda zai riƙe ajinsa, ki tafi da yaron, ki bar shi ya yi halinsa a gabansa. Kada ki ja masa kunne a hanya, kada ki yi masa alkawarin alewa don ya zauna. In ya taɓa abin da ke kan tebur, ki dubi fuskar malamin, ba bakinsa ba. Kuma in Allah ya sa kun dace, ki shirya. Wata rana zai shigo da sunan wata a bakinsa, ya ce ta fi ki iya ba da labari, ya ƙi cin abin da kika dafa don ita ta ce kaza. Za ki ji abin da na ji, kada ki ce ke kin yi boko kin fi ƙarfinsa. In kishin ya zo, kada ki kai shi ofishin kowa, kada ki sa masa rigar addini ko ta tarbiyya. Ki kira ni a waya ki zage ta a kunnena, zan taya ki, in mun gama ki dafa abinci ki aika mata.

Ke ma ina kishinki, tun da yau ranar faɗar gaskiya ce. Na ga yadda kuke zama da Baban Halifa kuna maganar yaron nan kamar wata babbar shawara, ba wanda ya ce a ɗauko bulala. Kin kai shi an duba shi, an ce lafiyarsa ƙalau, ƙarfi ne Allah ya ba shi. In ya hau kan kujera sai ki ce ya sauko ya je waje ya yi tsalle ya dawo, ba ki jin kunyar kowa. Ni a lokacina ba wanda ya gaya mini haka. Abin da na sani shi ne 'yar da ba ta zama abin kunyar uwarta ce. In na ga yadda yake rugowa ya faɗa jikinki in kin dawo aiki, ina jin daɗi, ina kuma jin wani abu a ƙasan daɗin.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Na ji Baban Halifa yana faɗa wa yayanku makarantu biyun da kuke dubawa, na riƙe kwatancen. Ranar Talata da na ce miki zan je kasuwa sayen zare, Mando na tafi. Na isa ta farkon, mai benen nan da 'ya'yan abokan aikinsa suke, ana gab da tashi tara. Maigadi ya bar ni na zauna a bencinsa da na ce jikana za a kawo. Wurin yana da tsabta, malaman da na gani suna da fara'a, ban ga an daki kowa ba. Amma filinsu bai fi tsakar gidan nan ba, motoci sun cinye rabi, yara suna fitowa aji-aji a layi, su ci abinci a zaune su koma. A tagar sama na hangi wani yaro ya kama ƙarfe da hannu biyu yana ta tsalle a wuri ɗaya.

Ta biyun sai da mai keke ya yi tambaya kafin muka same ta, can ciki bayan gidaje. Fentinta ya koɗe. Fili ne babba da itatuwan dogon yaro, hayaniya kuwa tun daga nesa. Na ga wata malama, yarinya ce ba ta kai ki ba, ta ɗaure gyale a ƙugu tana tsakiyar yara ana jefa ƙwallo, duk wanda ya cafe sai ya faɗi harafin da ke biye. Wani ya ture ɗan'uwansa, ta fitar da shi gefe, ta durƙusa daidai tsayinsa ta yi masa magana, ya tsaya jim kaɗan, ta mayar da shi wasa. Ba ta yi ihu ba, shi ma bai yi kuka ba.

Kada ki ce na ga aljanna. Banɗakinsu bai yi mini ba, na leƙa. Ƙofar baya kuma a buɗe take, ba kowa a wurin, Halifa zai gano ta tun ranar farko, kuma titin Mando ba lungun Unguwar Shanu ba ne, manyan motoci ke bi. In za ki sa shi can, sai kin tsaya a kan maganar ƙofar nan har kin ga kwaɗo da idonki. In sun ƙi, ki nemi ta uku. Amma in ni ce, can zan kai shi, ajin yarinyar nan mai gyale a ƙugu, duk da na san ita ce za ta ƙwace mini shi gaba.

Ban san abin da Malama Saratu ta ce miki ba, kuma da gangan ban tambaya ba. In shawararmu ta zo ɗaya, kada ki gaya mini, ki bar ni in ɗauka tawa kika bi. In ta saɓa, ki auna da idonki, in kin rasa ta ɗauka ki bi tata, ta fi ni sanin aji, ba zan ce komai ba ko da zan ji zafi. Abu ɗaya nake roƙo. Yunifom ɗinsa kada ki saya a makaranta, ki karɓo yadin ki kawo mini. Na san inda wandonsa yake fara yagewa, zan ninka masa gwiwa da gindi, in ɗinke aljihun da zare biyu. Wannan dai ba wanda ya fi ni.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa gidan ya karɓe ku. Allah ya tsare Halifa a hanya da cikin aji, ya kare shi daga mota da mugun hannu, ya haɗa shi da wanda zai so shi yadda yake. Allah ya ba ki haƙurin da ban yi ba, ya yi miki albarka duniya da lahira. In kin sake zuwa Kawo, ki ce ina gaishe ta. Ki faɗa mata haka nan kawai, kada ki ƙara komai.

Mahaifiyarki,
Asabe